Aro da Mayarwa: Tarihin Hulɗar Jami'a da Jama'a a Ƙasar Birnin Kudu da Gwaram

Ƙasar Birnin Kudu da Gwaram tana kudu maso gabas da birnin Kano, kimanin mil 80 zuwa garin Birnin Kudu, Gwaram kuwa tana gaba da nan, a kan iyaka da ƙasar Bauchi. A zamanin Turawa tana cikin Lardin Kano, a 1967 ta shiga Jihar Kano, tun 1991 kuwa tana cikin Jihar Jigawa, a masarautar Dutse. Ƙasa ce ta duwatsu, har sunayen wuraren ma sun nuna haka, kamar Farin Dutse a ƙasar Gwaram, da Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu a gefen Birnin Kudu. Sunan wannan ƙasa ya daɗe da shiga littattafan masana na ƙasashen waje, alhali kuwa kaɗan ne daga cikin abin da aka rubuta ya komo hannun mutanenta cikin harshen da suke ji. Manufar wannan takarda ita ce a bi tarihin yadda haka ta faru, a gwada shi da abin da ya gudana tsakanin jami'a da jama'a a Sakkwato da Zariya, domin a ga sharuɗɗan da hulɗa irin wannan take cikawa kafin a kira ta cuɗe-ni-in-cuɗe-ka.

Malami da Gari Kafin Zuwan Jami'a

Zaman malami da gari tsohon abu ne a ƙasar Hausa, yana kuma da ƙa'idodinsa waɗanda kowa ya sani ko da ba a rubuta su ba. Idan malami ya sauka a gari, mai gari ya ba shi masauki da gona, jama'a su ciyar da almajiransa, a kai masa zakka da kaka. Shi kuma ya karantar da yara, ya rubuta wasiƙa, ya raba gado, ya yi sulhu, a tambaye shi abin da ya shige duhu. Ba wanda yake ganin wani ya yi wa wani alfarma, gama kowa ya san abin da yake bayarwa da abin da yake karɓa. Har a fada ma haka abin yake: sa'ad da Shaihu Al-Maghili ya sauka Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wajen ƙarshen ƙarni na 15, ya bar wa sarki rubutacciyar nasiha a kan sha'anin mulki, watau ilminsa ya zauna a garin da ya sauke shi.

Makarantar boko ba a bisa wannan tsari ta zo ba. Kuɗinta daga baitulmali yake fitowa, manhajarta daga nesa, wanda yake auna aikin malaminta kuma ba mutumin gari ba ne. Da aka kafa Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, sa'an nan Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962, sai wannan rata ta ƙara faɗi, domin malamin jami'a yana samun ɗaukaka ne bisa ga abin da ya rubuta wa 'yan'uwansa masana, galibi da Turanci. Ƙauyen da ya ba shi labari ba ya cikin masu yanke masa hukunci. Wannan shi ne tushen matsalar, kuma a Birnin Kudu an ga alamarta tun kafin a gina jami'a ko ɗaya a Arewa.

Duwatsun Birnin Kudu

A tsakiyar shekarun 1950 ne labarin zane-zanen da ke jikin duwatsun Birnin Kudu ya kai kunnen Ma'aikatar Kayan Tarihi. Wanda ya bi diddigin abin shi ne Bernard Fagg, mutumin da ya kafa Gidan Tarihi na Jos wanda aka buɗe a 1952, ya kuma shugabanci ma'aikatar daga 1957 zuwa 1963. A ƙarƙashin inuwar duwatsun ya tarar da siffofin shanu, galibi da jan launi, wasu masu dogayen ƙaho, wasu gajeru irin muturu, amma dukkansu ba su da tozo. Wannan rashin tozo shi ne ya ja hankalin masana, domin shanun da ake kiwo a ƙasar a yau masu tozo ne. Ashe zanen shaida ce ta wani zamani da dabbobin ƙasar suka bambanta da na yanzu.

A 1955 kuma Fagg ya lura da wani abu na biyu a wurin: waɗansu duwatsu da idan aka buga su da ƙaramin dutse sai su ba da amo kamar na kuge, jikinsu duk ya lotsa saboda yawan bugu na shekara da shekaru. A wannan shekara ya kai bayanin gaban taron masana tarihin da na Afirka wanda aka yi a Livingstone, a ƙasar da yanzu ake kira Zambiya, a 1956 kuma mujallar Man ta London ta buga labarin. Daga nan sai masu bincike suka shiga neman irin waɗannan duwatsun kiɗa a wasu ƙasashe, aka kuwa yi ta samun su a Afirka da Turai da Asiya. A cikin Nijeriya ma aka rubuta labarin wasu zane-zanen a Geji ta ƙasar Bauchi a 1960. Matarsa, Catherine Fagg, ta tattara bayanin duwatsun kiɗa na duniya cikin littafi guda a 1997. Haka wani ƙaramin fanni na ilmi ya tsiro, tushensa kuwa a Birnin Kudu.

Littattafai sun ce an gano waɗannan duwatsu a 1955. Amma fa gano abu yana nufin ba a san shi ba a da, alhali kuwa kowane dutse a cikinsu yana da sunansa na Hausa tun kafin baƙo ya zo, kuma lotsawar da ke jikinsu hannun mutanen ƙasar ne ya yi ta. Fagg da kansa ya rubuta cewa wuraren suna da alaƙa da al'adar aure, amare sukan je can a kaɗa duwatsun gabanin biki. Wannan bayani ba daga dutse ya same shi ba, daga bakin mutane ne. Wani ya nuna hanya, wani ya faɗi suna, wata tsohuwa ta san abin da ake yi a wurin. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Rabin ilmin da aka buga a London na 'yan gari ne, amma a tarihin binciken sunan baƙo kaɗai aka riƙe.

Ba a ce ba a mayar da komi ba. Gwamnati ta sa wuraren cikin jerin kayan tarihin ƙasa waɗanda doka ta tsare, daga baya kuma Hukumar Gidajen Tarihi ta buɗe ofishin bayanin zanen duwatsu a garin. Sai dai tsarewa ta doka tana da wani lahani idan ba a haɗa ta da bayani ba: abin da a da yake na gari sai ya koma na gwamnati, abin gwamnati kuwa a idon talaka ba shi da mai shi. Ya kamata kuma a lura cewa Fagg ma'aikacin gwamnati ne, ba malamin jami'a ba. Amma salon aikinsa, watau a zo, a tambaya, a auna, a tafi, a buga a nesa, shi ne jami'o'i suka gada.

Darasin Littattafan Sakkwato

Hanya ta biyu ta fito ne daga wajen masu neman tsofaffin littattafan Larabci da ajami. Ɗakin karatu na Ibadan ya fara tattara su a 1953. A 1964 kuma aka soma Shirin Binciken Tarihin Arewa, wanda Jami'ar Ibadan da ta Ahmadu Bello suka yi tarayya a kansa, a ƙarƙashin jagorancin H. F. C. Smith, wanda daga baya aka sani da Abdullahi Smith. A nan dole ta sa aka bi wata hanya dabam. Dutse ba ya hana a ɗauki hotonsa, amma malami yana iya ɗaure gafakarsa ya ce babu. Saboda haka sai an nemi izni, an yi gaisuwa, an zauna an saurara, sa'an nan a ari littafi, a ɗauki hotonsa, a mayar wa mai shi. Wanda ya saɓa alkawarin mayarwa sau ɗaya ya rufe wa na bayansa ƙofa, gama labarin cin amana ba ya kwana a tsakanin malamai.

Babban misalin wannan hulɗa shi ne na Wazirin Sakkwato, Alhaji Junaidu, wanda ya riƙe sarautar tun 1948 har rasuwarsa a 1997. Ya buɗe wa Murray Last taskar littattafan gidansa, ya kuma karantar da shi kamar yadda malami yake karantar da almajiri. Daga wannan zama ne littafin Last a kan daular Sakkwato ya fito a 1967, marubucin kuwa bai ɓoye bashin da Waziri yake binsa ba. A nan an ambaci mai ilmin da sunansa, an kuma ɗauke shi masani, ba mai ba da labari kawai ba. Duk da haka sai da aka yi shekara arba'in da ɗoriya kafin littafin ya fito da Hausa.

A farkon shekarun 1970 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Waziri digirin girmamawa. A jawabinsa na karɓa bai tsaya ga godiya kaɗai ba. Ya nuna cewa jami'a a ƙasar nan dashe ce wadda saiwarta take cikin wata al'ada dabam, ya kuma yi kira da ta kusanci jama'ar da take zaune a cikinsu, ta san darajar malamansu. Wannan magana ta dace da abin da Sardauna ya faɗa tun farkon kafa jami'ar, cewa dole halinta ya nuna bukatu da gadon ƙasar da aka gina ta a kai. Bambancin shi ne Sardauna ya faɗa a matsayin fata, Waziri kuwa ya faɗa bayan an ga yadda abin ya kasance.

Amma akwai iyaka ga wannan darasi. Waziri babban mutum ne, mai sarauta da alƙalami, ba a iya shiga gidansa sai da sallama. Manomin Farin Dutse ko tsohuwar da ta san waƙoƙin aure ba su da irin wannan kariya. Ladabin da aka yi wa mai ƙarfi ba shi ne ma'aunin adalcin jami'a ba, sai an ga wanda ta yi wa maras ƙarfi.

Darasin Gonakin Zariya

Misali na uku ya shafi talakawa kai tsaye. An kafa tashar binciken aikin gona a Samaru a 1922, ta kuma shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Shekaru da yawa koyarwar malaman gona ita ce a shuka iri ɗaya a gona ɗaya, a jere, kamar yadda ake yi a gonar gwaji. Manoma kuwa suka ci gaba da haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a gona guda, aka riƙa ɗaukar wannan a kan taurin kai da rashin sani.

A 1966 da 1967 wani rukunin masu bincike na jami'ar, a ƙarƙashin David Norman, ya zauna da manoman ƙauyuka uku na ƙasar Zazzau, watau Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, ana rubuta aikin da kowane gida ya yi da abin da ya girba. Da aka yi lissafi sai aka tarar manoman ne da gaskiya. Gonar da aka haɗa iri tana ba da amfani mai daraja fiye da ta iri ɗaya a kan fili daidai wa daida, kuma ta fi tsare gida daga yunwa, domin idan fari ya kashe wani iri, wani ya tsira. Ga shi kuma tana rage wahalar noma a watannin da hannu ya yi ƙaranci. Norman ya buga wannan sakamako a 1974, ya zama ɗaya daga cikin tushen sabon salon binciken gona wanda yake farawa da tambayar manomi dalilinsa kafin a ba shi shawara.

Muhimmancin wannan labari shi ne ilmi ya gudana ta fuska biyu. Jami'a ta je koyarwa, ta komo da karatu, kuma ta yarda ta gyara koyarwarta. Abin da ya sa haka ta yiwu kuwa shi ne daɗewa: an zauna damina da rani a wuri ɗaya, har aka san juna. Mai ziyarar yini guda ba ya ganin dalilin manomi, gonarsa kaɗai yake gani.

Komawa Ƙasar Kudu

Idan aka auna ƙasar Birnin Kudu da Gwaram da waɗannan ma'aunai, sai a ga tana cikin ƙasashen da aka fi ara daga gare su, aka kuma fi jinkirin mayar musu. Ban da duwatsu, tana da tarihi mai nauyi na ƙarni na 19. A wajen 1846 waɗansu malamai daga Tsakuwa ta ƙasar Kano, a ƙarƙashin Malam Hamza, suka yi ƙaura zuwa duwatsun Ningi saboda saɓani da hukuma a kan haraji, daga nan aka shiga yaƙe-yaƙe na shekaru masu yawa tsakanin Ningi da Kano. Garuruwan wannan gefe su ne a bakin daga, Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi kuma ya sha fita yaƙi ta wannan fuska. Babban binciken da aka yi a kan tarihin Ningi shi ne na Adell Patton, wanda ya miƙa wa Jami'ar Wisconsin ta Amurka a 1975, ya kuwa dogara ƙwarai ga abin da dattawa suka gaya masa. Jikokin waɗanda suka ga wannan zamani suna nan a ƙauyuka, bayanin kakanninsu kuwa yana cikin Turanci a hayin teku.

A da ana iya kawo uzurin nisa, domin jami'a mafi kusa tana Kano ko Zariya. Wannan uzuri ya faɗi. An kafa Jami'ar Tarayya a Dutse a 2011, jihar kuma ta kafa tata a Kafin Hausa a 2013, wadda ake kira Jami'ar Sule Lamido. Yanzu 'ya'yan Birnin Kudu da Gwaram da Farin Dutse suna cikin ɗalibai, watau mai tambaya da wanda ake tambaya sun zama 'yan gida ɗaya. An kuma ga wani yunƙuri a kan duwatsun kansu: Hukumar Gidajen Tarihi, da Jami'ar Ahmadu Bello, da wata ƙungiyar kula da zanen duwatsun Afirka mai suna TARA wadda take Nairobi, sun yi aiki tare da taimakon kuɗi daga ofishin jakadancin Amurka, har aka buɗe nunin hotunan zanen duwatsun Nijeriya a Gidan Tarihi na Ikko a 2021. Aiki ne mai kyau. Sai dai irin wannan shiri yana da wa'adi, idan kuɗi ya ƙare ya tsaya, alhali kuwa abin da yake cin zanen dutse ba ya tsayawa: ruwa da rana, da masu rubuta sunayensu a jiki, da masu fasa dutse domin gini. Mai gadin da ba ya tashi daga aiki shi ne mutumin da ya san cewa abin nasa ne.

Sharuɗɗan Hulɗa

Daga tarihin nan za a iya fitar da sharuɗɗa huɗu, kowanne da misalinsa a baya.

Na farko, ambaton mai ilmi. Kamar yadda aka ambaci Waziri, haka ya cancanta a ambaci dattijon da ya ba da tarihin unguwa, idan ya yarda, da sunansa da garinsa da ranar da aka zauna da shi. Yaba kyauta tukwici ne, wannan kuwa shi ne mafi ƙanƙantar tukwici.

Na biyu, mayar da abin aro. Labarin baka ma aro ne, kamar littafi. Mayar da shi shi ne a ajiye kwafin abin da aka ɗauka a inda aka ɗauko shi, a makarantar gari ko a fadar hakimi, a kuma rubuta taƙaitaccen sakamako da Hausa, a karanta shi a gaban waɗanda suka ba da labarin domin su gyara kuskure. Wannan aiki ya rataya musamman a wuyan sassan nazarin Hausa, gama su ne suke da harshen da za a yi mayarwar da shi, kuma kundin ɗalibansu da Hausa ake rubuta shi tun asali.

Na uku, yarda da gyara. Hulɗar da jami'a kaɗai take magana a cikinta wa'azi ce. Ya kamata gari ya sami bakin faɗin abin da yake so a bincika, ko da ya bambanta da abin da malami ya zo nema. Mai yiwuwa malami ya zo domin zanen shanu, jama'a kuwa damuwarsu ita ce burtali da rikicin makiyayi da manomi. Tambayoyin biyu ba su yi nisa da juna ba, domin duka tarihin shanu ne a ƙasa ɗaya.

Na huɗu, daɗewa. Zumunta a ƙafa take. Gara sashe ɗaya ya riƙi gari ɗaya shekara goma, ɗalibai suna zuwa rukuni bayan rukuni, kowane rukuni yana ɗorawa a kan aikin na baya, da a watsu a ƙauyuka ashirin a yi musu tambaya iri ɗaya kowace shekara har su gaji.

Akwai sharaɗi guda kuma wanda ba a ƙauye yake ba, a cikin jami'a yake. Muddin ƙarin girman malami ya dogara ga abin da ya buga a mujallar waje kaɗai, to, fassara da komawa gari za su zauna aikin sa kai, wanda mai himma zai yi, mai gaggawa ya bari. Majalisar jami'a ce take da ikon sa su cikin ma'auni. A nan malaman kwalejojin horon malamai suna da rabo babba, domin su ne suke yaye waɗanda za su tsaya a gaban aji a Gwaram da Farin Dutse. Idan darasin duwatsun Birnin Kudu da na yaƙin Ningi ya shiga littafin firamare da Hausa, yaron da ya karanta shi zai koma gida ya tambayi kakarsa, ita kuwa tana da saura wanda ba a taɓa rubutawa ba. Matan da suka kai shekarun aure a lokacin da Fagg ya zo a 1955, waɗanda suka rage a cikinsu sun haura shekara tamanin a yau. Abin da suka sani game da duwatsun kiɗa ba ya cikin mujallar London, kuma lokacin da ya rage na zuwa a tambaye su kaɗan ne.